Yadda ake sa wa kwamfutar tebur katin WiFi ko na kebul

Yawancin kwamfutocin tebur da ke yawo a kasuwanninmu tsofaffin na ofisoshin Turai da Amurka ne, irin su Dell OptiPlex da HP ProDesk da Lenovo ThinkCentre. An ƙera su ne don ofishin da aka ja wa kebul ɗin intanet a bango, shi ya sa da yawansu ba su da WiFi ko kaɗan. Mutum ya sayo, ya kai gida, ya kunna MiFi, kwamfuta ta ƙi gani. Wani kuma tasa matsalar daban ce: damina ta sauka, an yi tsawa, wuta ta biyo kebul ta ƙone kafar da ake soka shi a baya, alhali sauran kwamfutar lafiya lau. Maganin duka biyun ɗaya ne, a ƙara mata kati. Katin nan wani ɗan allo ne mai kayan lantarki a jikinsa, ana dasa shi a gurbin da aka tanada a kan madabod, wato babban allon da ke cikin kwamfuta, ya ba kwamfuta abin da ba ta zo da shi ba, ko ya karɓi aikin wanda ya mutu.

Dasa katin ba ya cin minti goma. Inda mutane ke asarar kuɗi shi ne wajen saye, don haka a nan za mu fi daɗewa.

Buɗe ka duba kafin ka je kasuwa

Kashe kwamfutar, ka zare wayar wuta daga soket, ka kwantar da akwatin a kan tebur. Na Dell da HP galibi akwai wani hannu ko maƙalli da ake ja, murfin gefe ya zame. Wasu kuma sukuru biyu ne a baya. Duba ɓangaren madabod da ke kusa da bayan akwatin, gefen fankar furosesa. Za ka ga gurabe a jere, kowanne yana fuskantar wani siririn ƙarfe da ya toshe taga a bangon baya.

Gurabe iri biyu za ka iya tararwa. Akwai PCI, wanda kamfanin Intel ya fito da shi a 1992, sai PCI Express da ake taƙaitawa PCIe, wanda ya biyo baya a 2003 ya kuma karɓe fagen. Sunan ya yi kama, amma katin wannan ba ya shiga gurbin wancan. Tsohon PCI yawanci fari ne, kuma ɗan shingen da ya raba raminsa biyu yana can nesa da bayan akwati. Na PCIe shingensa yana daf da baya, kuma tsawonsa iri-iri ne: x1 gajere ne, santimita biyu da rabi, x4 ya ɗan fi shi, x16 shi ne dogon, kusan santimita tara, wanda aka fi sa wa katin hoto, mai maƙalli a ƙarshensa.

Kusan duk katin sadarwa na gida x1 ne, kuma ƙaramin kati yana shiga babban gurbi ya yi aiki ba tare da wata matsala ba. Idan x16 kaɗai ya rage maka, sa shi a ciki, ragowar ramin ya zauna haka nan. Kada ƙanƙantar x1 ta dame ka: ko a PCIe na farko-farko yana ɗaukar megabayit 250 a daƙiƙa, alhali kebul mai gudun gigabit ɗaya 125 kawai yake buƙata.

Abu na biyu, kuma shi ne ya fi mayar da mutane kasuwa, tsayin ƙarfen baya. Babban akwati yana cin ƙarfe mai tsawon kusan santimita 12. Siraran akwatunan ofis, waɗanda za ka ga an rubuta SFF a bayan sunansu, gajeren ƙarfe suke ci, kusan santimita 8. Kati mai dogon ƙarfe ba zai taɓa zama a siririn akwati ba, murfi ma ba zai rufu ba. Sa ruwla ka auna ƙarfen da ya toshe tagar, ka riƙe lambar.

Abu na uku ya shafi mai son Bluetooth. Nemi wata mahaɗa a gefen madabod mai allurai tara a layi biyu, biyar da huɗu, an rubuta USB ko F_USB a kusa da ita. Dalilin neman ta zai zo a gaba. Wasu kwamfutocin ofis ba su da ita a sake, kamfanin ya yi amfani da tasa mahaɗar ta daban. Gara ka sani tun yanzu.

Ka ɗauki hoton cikin akwatin da wayarka, ka ɗauki na takardar da ke ɗauke da lambar samfurin kwamfutar. Idan kuwa taka irin 'yan ƙananan nan ce da ake kira Micro ko Mini ko Tiny, galibi babu gurbin PCIe a ciki. Su sai ƙaramin kati na M.2 a wurin da aka rubuta WLAN, ko kuma na USB.

Kebul, WiFi, ko na USB?

In dai kwamfutar a wuri ɗaya take zaune, kuma ana iya jan waya daga rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet, zuwa gare ta, ni kebul nake zaɓa ba tare da dogon tunani ba. Ba ruwansa da kaurin bango, ba ruwansa da rautar maƙwabta, kuma yana kai mita 100 bai gaji ba. Shi ya sa shagunan kafe da wuraren buga takardu da cibiyoyin jarrabawa ta kwamfuta suka dogara da shi. Katin WiFi kuwa na wanda rautarsa ke wani ɗaki ne, ko mai MiFi marar kafar kebul, ko mai jan intanet daga wayarsa.

Ɗan ƙaramin na USB da ake sokawa a waje shi ya fi arha, kuma ba sai an buɗe akwati ba. Yana fitar da mutum kunya na ɗan lokaci. Amma eriyarsa ƙarama ce ƙwarai, yana ɗaukar zafi musamman a bazara, kuma idan aka soka shi a baya, ƙarfen akwatin yana tare masa sigina. Akwai ma wani abu da ba kowa ya sani ba: kafar USB 3.0, mai shuɗin ciki, tana fitar da hayaniyar lantarki da ke damun WiFi na zangon 2.4 GHz, ɗaya daga zangunan rediyo da WiFi ke hawa. In dole sai na USB, haɗa shi da ɗan kebul na ƙari ka ɗora shi a kan tebur.

Akwai gaskiyar da mai shago ba lallai ya faɗa maka ba. Kati ba ya ƙara gudun da kamfanin sadarwa ya ba ka. Idan layin MTN ko Airtel ko Glo da ke cikin MiFi ɗinka yana jan ƙafa a unguwarku, katin da ya fi kowane tsada ba zai canja komai ba. Abin da kati mai kyau yake yi shi ne ya hana hanyar da ke tsakanin kwamfuta da rauta yankewa da ɓarnar gudu. Don haka duba jikin rautarka tukuna. Da yawa daga ƙananan MiFi na 4G zangon 2.4 GHz kaɗai suke da shi. Mai irin wannan, kati na WiFi 5 ya ishe shi har ya yi saura.

Lambobin da ke jikin kwali ma suna ruɗarwa. WiFi 4 shi ne 802.11n na 2009, WiFi 5 shi ne 802.11ac na 2013, WiFi 6 kuma 802.11ax. Idan ka ga AC1200, ba wai za ka samu megabit 1200 ba ne. An haɗa 300 na zangon 2.4 da 867 na zangon 5 ne aka cike lissafin, kai kuwa zango ɗaya kake hawa a lokaci guda, kuma ko shi ba ya kaiwa abin da aka rubuta. Zangon 5 GHz ya fi gudu, ya fi ƙarancin cunkoso, amma bangon bulo da siminti yana cinye shi da wuri. Na 2.4 ya fi ratsa bango.

A shago

Ko a Titin Beirut na Kano kake, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, tambayar farko ɗaya ce: "Malam, wane cif ne a cikinsa?" Sunan da ke kan kwali ba shi ne mai aikin ba. Masu haɗa katin suna sayen cif ne, wato 'yar ƙwaƙwalwar lantarki da ke yin aikin, daga kamfanoni kaɗan, Intel da Realtek da MediaTek da ire-irensu, kuma cif ɗin ne yake yanke hukuncin wane direba za ka nema, wato manhajar da ke sa Windows ya gane katin, da ko zai yi aiki da Windows ɗinka. In mai shago bai sani ba, karanta bayan kwalin, ko ka bincika lambar samfurin a wayarka a nan tsaye.

A ɓangaren WiFi, katunan da ke ɗauke da Intel AX200 ko AX210 sun yi suna wajen rashin ba da wahala, kuma dukansu da Bluetooth suke zuwa. Sharaɗinsu Windows 10 mai 64-bit ko Windows 11. Ba su da direban Windows 7, wanda Microsoft ya daina kula da shi tun Janairun 2020 amma har yau yana nan a shaguna da makarantu da yawa. Mai Windows 7 ya nemi tsohon kati wanda aka rubuta a kwalinsa ƙarara cewa yana aiki da shi. AX210 yana da ƙarin zangon 6 GHz, sai dai ba za ka more shi ba sai da Windows 11 da rautar da ita ma take da shi.

Mai sayen ƙaramin katin M.2 ya lura da kyau: AX201 da AX211 ba ɗaya suke da AX200 da AX210 ba, duk da siffarsu ɗaya. Masu ƙarewa da 1 rabin aikinsu yana cikin cif ɗin Intel da ke kan madabod, saboda haka ba sa aiki sai a kwamfutar da aka tsara dominsu. Za su shiga gurbin daram, amma kwamfuta ba za ta gan su ba.

A ɓangaren kebul abin ya fi sauƙi. Nemi wanda aka rubuta Gigabit ko 10/100/1000. Masu Realtek RTL8111 sun cika kasuwa, suna da arha, suna kuma aiki. Masu Intel I210 sun fi tsada, su na fi so a kwamfutar da ke kwana a kunne tana yi wa wasu hidima. Wanda aka rubuta 10/100 kaɗai, bar shi, sai fa idan tsohon gurbin PCI ne kawai da kai kuma babu wani.

Kafin ka biya, a buɗe kwalin a gabanka. Ka ga gajeren ƙarfen baya idan akwatinka siriri ne. Ka ga eriya biyu. Ka ga siririyar wayar Bluetooth. In na hannu ne, duba haƙoran zinaren da ke ƙasansa kada su kasance sun kankare ko sun yi tsatsa, ka kuma duba ko akwai tabon ƙuna kusa da kafar kebul. Ku yi magana a fili cewa in bai yi ba za ka dawo da shi, a ba ka rasit. Ana samun jabun katunan da aka manna wa sunan Intel, kuma farashin da ya faɗi ƙasa fiye da kima shi ne alamar farko.

Sauke direba tun kafin ka taɓa sukurudireba

Kwamfutar da ba ta da intanet ba za ta iya sauko da direban da zai ba ta intanet ba. Faifan CD da ke cikin kwali sau da yawa tsohon direba ne a kai, kwamfutar ma wataƙila ba ta da wurin sa faifai. Shiga shafin kamfanin da ya yi cif ɗin ko katin da wayarka ko wata kwamfutar, ka sauke ka ajiye a filashi. Na Intel direban WiFi daban, na Bluetooth daban, ka ɗauko duka biyu.

In ka manta, akwai mafita. Haɗa wayar Android da kwamfutar ta kebul ɗin caji mai ɗaukar bayanai, ka kunna USB tethering a saitin wayar. Windows 10 da 11 suna gane wannan da kansu, sai kwamfutar ta hau intanet ɗin wayar har ka gama.

Dasa katin

Kashe kwamfutar ta hanyar da ta dace, sannan ka zare wayar wuta daga bayanta gaba ɗaya. Kashewa kaɗai ba ta isa ba, domin muddin wayar na jone akwai 'yar wuta da ke zagayawa a madabod, har cikin guraben PCIe. In akwai UPS, a raba su. Bayan ka zare, danne maɓallin kunnawa na kamar daƙiƙa goma, ragowar wutar da ta maƙale ta fita.

Sai batun wutar jiki. Duk wanda ya taɓa jin ƙofar mota ta ɗan ja shi a lokacin hunturu ya san ta. Busasshiyar iska tana sa jiki ya tara caji, kuma wanda bai kai ka ji shi ba ma yana iya lalata cif. Saboda haka kada ka yi aikin a kan kafet ko bargo. Taɓa ƙarfen akwatin inda ba fenti kafin ka ɗauki katin, ka riƙa maimaitawa duk lokacin da ka tashi ka dawo. Bar katin a ledarsa sai lokacin sa shi ya yi, kuma ka riƙe shi ta gefe ko ta ƙarfen baya, ban da haƙoran zinaren.

Tunda ka buɗe, kawar da ƙurar da ta taru. Gurbin da ya shekara ba a amfani da shi yakan cika da ƙura, ita kuma tana hana haƙoran haɗuwa. Busa shi da abin hura iska, ko ka share da busasshen burushi mai laushi. In za ka hura fanka, riƙe ta da yatsa kada ta yi ta juyawa.

Idan akwatinka siriri ne, yanzu ne za ka canja ƙarfen baya. Ƙananan sukuru biyu ne suke riƙe da shi. A katin WiFi akwai ƙarin noti a bakin kowace kafar eriya, sai ka kwance su kafin ƙarfen ya fita. A wasu katunan, waɗannan kafafen suna haɗe da allon ta wasu wayoyi sirara masu ɗan kai da ake dannawa. Ka bi su a hankali. In ɗaya ya ɓalle, daidaita shi a kan mazauninsa ka danna shi tsaye da farce har ya kama. In ka danna shi a karkace zai lanƙwashe, kuma gyaransa da wuya.

Cire ƙarfen da ya toshe tagar da ke daidai da gurbin da ka zaɓa. Ɗora katin a sama ba tare da dannawa ba don ka tabbatar wace taga ce, saboda ido yana yaudara a nan. A Dell da HP akwai wani maƙalli ɗaya da ke danne dukan ƙarafan, ɗaga shi kawai za ka yi. A wasu akwatunan sukuru ne. A masu arha kuwa ƙarfen a like yake, sai an lanƙwasa shi gaba da baya har ya karye. Bakinsa yana da kaifi, kuma ka kula kada ya karci madabod.

In da zaɓi, ɗauki gurbin da ya yi nesa da katin hoto, don kada ka toshe wa fankarsa iska.

Yanzu riƙe katin a tsaye, haƙora suna kallon gurbi, tsagar da ke tsakanin haƙoran tana daidai da shingen ramin. Harshen da ke ƙasan ƙarfen baya zai zura ta ɗan tsakanin da ke gefen madabod da bangon akwati. Nan ne yakan maƙale, sai mutum ya ɗauka gurbin ne ya ƙi. In komai ya daidaita, sa manyan yatsunka biyu a saman katin ka danna ƙasa kai tsaye, da ƙarfi matsakaici. Za ka ji ya zauna. Duba ta gefe: zinaren ya kamata ya shige kusan duka, kuma daidai daga farko har ƙarshe. In gefe ɗaya ya fi fitowa, zare ka sake. Abin da ya ƙi shiga da matsakaicin ƙarfi, akwai abin da ya tare shi, ƙara ƙarfi ba zai gyara ba.

Ɗaure sukurun ko ka mayar da maƙallin. Ka sa ido lokacin ɗaurewa, domin wani lokaci ƙarfen yana da ɗan lanƙwasa, sai ɗaurin ya ɗaga ƙarshen katin daga cikin gurbi. In ka ga haka, sassauta, ka ɗan gyara ƙarfen da hannu, ka sake zaunar da katin.

Saura wayar Bluetooth. A irin waɗannan katunan WiFi ne kaɗai ke bi ta gurbin PCIe, Bluetooth ta USB yake bi. Ƙaramin kan wayar yana shiga jikin katin, babban kuma yana zuwa mahaɗar nan mai allurai tara da ka nemo tun farko. Rami ɗaya a toshe yake, daidai inda allura ɗaya ta ɓace, don haka ta fuska ɗaya kawai yake shiga. Akwai wata mahaɗar mai kama da ita da aka rubuta AUDIO ko AAFP, ta sauti ce, kuma gurbin allurarta da ta ɓace daban yake. Karanta rubutun kafin ka soka. In kwamfutarka ba ta da mahaɗar USB a sake, bar wayar. WiFi zai yi aikinsa, Bluetooth ne kawai ba za ka samu ba.

Daga waje, murɗa eriyoyin biyu da hannu har su tsaya, ba a sa musu filaya. Ka sa duka biyun, ko da ɗaya ta yi kamar ta isa. Ɗaga su sama, ka ɗan ware su. In irin mai doguwar waya da gindin maganaɗisu ce, ɗora ta a saman akwati ko tebur. Akwatin da aka cusa a ƙarƙashin tebur, bayansa na jingine da bango, ya riga ya kashe rabin siginar, kuma fito da eriya fili yakan yi abin da canja kati ba zai yi ba.

Kafin ka rufe, duba ko hannunka ya ture wata waya ko RAM. Mayar da murfi, jona wuta, kunna. Wasu Dell za su nuna saƙon cewa an buɗe murfi, wannan ba matsala ba ce.

A cikin Windows

Danna maɓallin dama na linzami a kan Start, ka zaɓi Device Manager, ka buɗe Network adapters. In sunan katin ya fito a nan ba wata alama a kansa, Windows ya gane shi. In kuwa ka ga Network Controller ko Ethernet Controller a ƙarƙashin Other devices da alamar rawaya, labari ne mai daɗi: katin ya zauna, direba kawai yake jira. Buɗe wanda ka ajiye a filashi, ka girka, ka sake kunna kwamfutar.

Idan katin na hannu ne ba kwali ba suna, kwamfutar za ta gaya maka ko na wane ne. Danna shi sau biyu, shiga Details, zaɓi Hardware Ids. Za ka ga VEN da lambobi huɗu, sai DEV da wasu huɗu. VEN_8086 Intel ne, 10EC Realtek, 14E4 Broadcom, 168C Atheros, 14C3 MediaTek. Rubuta layin duka a injin bincike, sunan cif ɗin zai fito. Ka guji manhajojin nan da ke alkawarin sabunta maka duk direbobi da dannawa ɗaya. Da yawansu talla da tarkace suke cusa wa kwamfuta. Mai Linux ya rubuta lspci a Terminal ya ga katin. AX200 yana aiki tun daga kernel 5.1, AX210 kuma daga 5.10.

In tsohuwar kafar kebul ce ta ƙone, kashe ta don kada ta riƙa ruɗa Windows. Danna dama a kanta a Device Manager ka zaɓi Disable device, ko ka kashe ta a BIOS, wato saitin madabod da ake shiga da zarar an kunna kwamfuta, kafin Windows ya tashi. Ana shiga BIOS da F2 a Dell, F10 a HP, F1 a ThinkCentre, a yawancin sauran kuma Del.

Da zarar ka hau intanet, in data kake saye, shiga saitin wannan haɗin ka kunna Metered connection. Kwamfutar da ta daɗe ba ta ga intanet ba za ta fara jan sabuntawar Windows nan take, tana iya cinye datar wata guda kafin ka ankara.

Gwaji

Fitowar Google a allo ba ta nuna aiki ya kammala ba. Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta ncpa.cpl, ka danna sabon katin sau biyu, ka duba Speed. Katin gigabit ya kamata ya nuna 1.0 Gbps. In 100 Mbps ka gani, da wuya laifin katin ne. Ko dai kafar rautar ce iyakarta ke nan, ko kebul ne. Gigabit yana buƙatar dukan wayoyi takwas da ke cikin kebul, 100 kuwa huɗu sun ishe shi, saboda haka waya ɗaya da ba ta kama ba a RJ45, wato kan kebul ɗin, tana iya sauko da gudun ba tare da haɗin ya yanke ba. Gwada da wani gajeren kebul na kamfani, Cat5e ko Cat6. Akwai kuma kebul mai arha da cikinsa alminiyom ne aka shafa wa tagulla, ana rubuta masa CCA. Yana karyewa da wuri kuma ba ya jure nisa. In za ka ja doguwar hanya, nemi na tagulla zalla.

Sai ka sake danna Windows tare da R, ka buɗe cmd, ka rubuta ipconfig. Adireshin da ya fara da 192.168 ko 10 yana nufin rauta ta karɓe ka. Wanda ya fara da 169.254 yana nufin kwamfutar ta nemi adireshi ba ta samu ba, ta ƙirƙiri nata, sai ka duba kebul ko ka sake kunna rauta. Ɗauki lambar da ke gaban Default Gateway, ka rubuta ping da lambar da -n 50 a ƙarshe. A kebul amsa ta riƙa dawowa cikin kusan 1ms, ba ko ɗaya da ya ɓace. A WiFi za ta ɗan fi haka. In wannan ya yi kyau amma ping 8.8.8.8, adireshin wata kwamfutar Google a intanet, ya ƙi, katinka ya fita daga zargi, matsalar tana tsakanin rauta da kamfanin sadarwa. In 8.8.8.8 ya amsa amma shafuka ba sa buɗewa, matsalar DNS ce, wato tsarin da ke juya sunan shafi zuwa adireshinsa.

Mai WiFi ya ƙara da netsh wlan show interfaces. Zai nuna ƙarfin sigina cikin ɗari da tashar da kake kai. Tasha daga 1 zuwa 13 zangon 2.4 ce, daga 36 zuwa sama kuma 5 ce. Juya eriya, ka sake rubutawa, ka ga inda lambar ta fi hawa.

Idan abu ya ƙi

Katin da bai fito a Device Manager ba ko da alamar rawaya, mafi yawan lokaci bai zauna ba ne. Zare wuta, cire, hura gurbin, mayar. In bai yi ba gwada wani gurbin, domin a wasu madabod ana kashe wani gurbin PCIe idan an sa SSD a M.2, a wasu kuma ana iya kashe gurbi daga BIOS. In ya ƙi a kowane gurbi, gwada shi a wata kwamfutar kafin ka koma shago. Kwamfutar da ta ƙi tashi gaba ɗaya bayan aikin, cire katin ka gwada, sannan ka sake danna RAM.

Haɗin da ke yankewa bayan kwamfuta ta yi barci, shiga Properties na katin, in akwai shafin Power Management, cire alamar da ke ba Windows damar kashe shi don tattalin wuta. In kuwa Device Manager ya nuna Code 10 ko Code 43 a kan katin, cire direban, ka zare wuta na minti ɗaya, ka girka sabo daga shafin kamfani.

A ofis ko makaranta akwai ƙarin abu biyu. Kowane kati yana da lambarsa ta MAC, don haka in mai kula da sadarwa ya taƙaita shiga ga sanannun lambobi, sai ka kai masa sabuwar, za ka same ta da ipconfig /all a layin Physical Address. In kuma tsohon katin yana da adireshin IP da aka sa da hannu, saboda firinta ko manhajar lissafi da wasu kwamfutoci ke nema, sai an sake rubuta shi a sabon.

Wanda tsawa ce ta kawo shi ga wannan aiki, ya sani abin da ya ƙone na farko yana nan. Istabilaiza da UPS layin wuta suke tsarewa, yawancinsu ba ruwansu da kebul ɗin sadarwa. Kebul da aka ja ta waje, daga gini zuwa gini ko daga eriyar kan rufi, shi ya fi jawo wannan ɓarna. In hadari ya haɗu, zare shi daga bayan kwamfuta da rauta. Akwai 'yar na'urar kariya mai kafar RJ45 biyu da ake sawa a tsakani, amma ba ta da amfani sai an haɗa wayarta da ƙarfen da aka binne a ƙasa yadda ya kamata. Tsakanin gine-gine biyu kuwa, in da hali, a ja fayiba da na'urar juyawa a kowane ƙarshe, domin zaren gilashi ne a cikinta, wuta ba ta bin sa.